Kealakekua: Lungun Teku da Aka Keɓe

A darasinmu na wannan wata za mu yi tafiya mai nisa. Wanda ya ke da taswirar duniya a makarantarsu, bari ya buɗe ta ya nemi Tekun Pasifik, wanda ya fi dukan tekuna girma. Can a tsakiyarsa za ya ga waɗansu ɗigo-ɗigo kamar an zubar da tsabar gero. Tsibiran Hawai ke nan. Daga gare su zuwa gaɓar Amurka ya fi mil 2,000, ba kome a tsakani sai ruwa.

Tsibirin da ya fi girma a cikinsu shi ma sunansa Hawai. A gefensa na yamma, a ƙasar da a ke kira Kona, teku ya kutsa cikin tudu ya yi lungu, faɗinsa wajen mil ɗaya da rabi. Mutanen wurin suna kiransa Kealakekua, watau hanyar abin bauta. Bayan lungun akwai bangon dutse a tsaye cir, tsayinsa wajen ƙafa 600. A ƙarshen bangon ta arewa akwai kufan wani gari, Ka'awaloa. Ta kudu kuwa akwai ƙauyen Napo'opo'o, inda mutane su ke zaune har yau.

Duwatsu masu aman wuta ne suka haifi ƙasar nan duka, har a 1877 wuta ta ɓullo daga ƙarƙashin ruwan lungun, mutane suka ga duwatsu masu zafi suna tasowa bisa ruwa da tururi. Irin wannan dutse yana shan ruwan sama kamar soso, domin haka ba kogin da ya ke kawo laka cikin lungun. Manyan duwatsun tsibirin kuma sun tare iska. Shi ya sa ruwan ya ke kwance, garau, har wata rana mutum ya kan hangi abin da ya ke ƙafa 100 a ƙarƙashinsa.

Gidan murjani

Dukanmu mun san murjani, wanda mata su ke sawa a wuya da hannu. Amma ba kowa ya san cewa murjani na gaske aikin dabba ne ba. Jan nan na ado daga wani teku dabam a ke samunsa, amma dangin na Kealakekua ne. Dabbar ƙanƙanuwa ce, yawancinsu ba su fi kan ashana ba. Jikinta taushi ne, tana da baki da 'yan hannuwa kewaye da bakin. Tana ɗebo farar ƙasa daga ruwan teku ta gina wa kanta ɗan ɗaki mai tauri. Dubbai suna zaune manne da juna. In na ƙasa sun mutu, na sama su yi gini a kan ɗakunansu. Haka a ke yi shekara da shekaru, har ginin ya zama tudu a cikin ruwa, wani kamar tulluwa, wani kamar yatsun hannu, wani kamar reshen itace. Ginin ba ya sauri. Mai kama da tulluwa ba ya ƙara ko inci ɗaya a shekara. Tudun da ƙafar mutum ta karya yau, wataƙila tun kakansa bai zo duniya ba a ke gininsa.

To, ga abin mamaki. Dabbar nan tana da baƙi a cikin jikinta, waɗansu tsire-tsire ƙanana da ido ba ya gani. Ita ta ba su masauki, su kuwa suna yin abinci da hasken rana kamar yadda ganyen dawa ya ke yi, suna ciyad da mai gida. Su ne kuma su ke ba murjani launinsa. Domin wannan ne murjani ba ya yin kyau sai a ruwa mai tsabta inda rana ta ke ratsawa. Mu riƙe wannan, gama za mu komo kansa.

A cikin ramummukan ginin nan kifaye su ke zama. Akwai wani rawaya shar, girman tafin hannu, wanda ya ke kiwo garke-garke yana cin gansakuka a jikin dutse. Akwai uhu, mai baki kamar na aku. Shi yana gatsar dutsen murjani domin ya sami gansakukar da ke jikinsa, ya niƙe dutsen a maƙogwaro, ya fitar da shi rairayi. Babban uhu ɗaya ya kan yi laba ɗaruruwa na rairayi a shekara, har yawancin farin rairayin da baƙi su ke kwanciya a kai a waɗansu gaɓoɓin Hawai ta cikin kifi ya biyo. Akwai kuma wani ɗan kifi da za mu kira wanzami. Yana da wurin zamansa, manyan kifaye su kan zo su tsaya, su buɗe baki, shi kuwa ya shiga yana tsince musu ƙwari da matacciyar fata, ba wanda ya ke haɗiye shi. Kifin da gwamnatin Hawai ta ɗauka ya zama alamarta shi ma yana nan, sunansa ya fi shi tsawo: humuhumunukunukuapua'a. Mai karatu ya gwada faɗinsa sau uku a jere. Saboda nisan tsibiran daga kowace ƙasa, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na irin kifayen da ke zaune a murjanin Hawai ba a samunsu ko'ina a duniya sai can.

Kififiyar teku, wadda su ke kira honu, ta kan shigo kiwo. Daga watan Disamba zuwa Afrilu kuma a kan hangi kifin wel a bakin lungun, ya zo daga ruwan sanyi na Alaska, tafiyar wajen mil 3,000, domin ya haihu a ruwan ɗumi.

Amma baƙon da ya fi suna shi ne dolfin, wanda mutanen Hawai su ke kira nai'a. Kamarsa kamar kifi, amma ba kifi ba ne. Yana haihuwa, yana ba da nono, yana shaƙar iska ta wata ƙofa a bisa kansa. Irin na wurin nan tsawonsa wajen ƙafa 6 ne, ya kan yi tsalle sama yana juyawa kamar mazari kafin ya faɗa ruwa. Da dare su ke farauta, can nesa da gaɓa, sa'anda ƙananan kifaye da jatan lande su ke tasowa daga zurfi. Gari na wayewa sai su shigo lungun a gajiye. Suna zaɓen wurin da ƙasansa farin rairayi ne, domin in kifin shak ya nufo su su gan shi tun daga nesa. Tun da ya ke dole su riƙa tasowa shan iska, ba su iya barci kamar namu. Rabin ƙwaƙwalwa ya yi barci, rabi yana tsaro, sa'an nan su sauya. Watau Kealakekua ɗakin kwanansu ne, tsakar rana kuwa ita ce tsakar darensu.

Dokar mutanen dā

Kakannin mutanen Hawai sun iso tsibiran da manyan kwalekwale wajen shekara 800 ko 1,000 da suka wuce, taurari ne jagoransu. Kafin zuwan Turawa, Kealakekua mazaunin sarakuna ne. Mutane dubbai suna zaune a bakin ruwan, gonakinsu na gwaza da dankali da ayaba suna bisa tudu. A kogwannin bangon dutsen nan a ke ɓoye ƙasusuwan sarakuna, domin kada maƙiyi ya taɓa su. Ana kiran bangon Pali Kapu o Keoua, da sunan uban Sarki Kamehameha.

Kalmar nan kapu ita ce ginshiƙin zamansu. Ma'anarta abin da aka keɓe, aka hana taɓawa. Akwai kapu mai nauyi ƙwarai a kan talaka da mace. Mace ba ta cin abinci tare da namiji, ba ta cin naman alade, ko kwakwa, ko yawancin irin ayaba. Inuwar talaka ba ta faɗa wa babban sarki. Hukuncin mai ƙetarewa sau da yawa kisa ne, a kan kuma miƙa mutane hadaya a waɗansu wuraren tsafi, ciki har da Hikiau, babban dakalin duwatsu da ke Napo'opo'o, wanda ya ke nan har yanzu.

Amma kada mu yi saurin cewa kapu duka duhu ne. A cikinsa akwai dokar kamun kifi da ta fi ta ƙasashe da yawa hikima. Akwai kifi iri biyu da su ke dogara gare su, opelu da aku. Wannan aku kifi ne, ba tsuntsun da muka sani ba. Wajen wata 6 ana kama opelu, an hana taɓa aku. Sa'an nan a juya, a buɗe aku a rufe opelu. Ta haka kowanne ya kan sami lokacin hayayyafa. Masunta kuma suna kiwon opelu a cikin teku kamar yadda mace ta ke kiwon kaji. Sun san wuraren da kifin ya ke taruwa, su kan je da kwalekwale su zuba masa dafaffen gwaza, har ya saba da zuwansu, sa'an nan in lokaci ya yi su sa taru. Akwai masuntan kudancin Kona da su ke riƙe da wannan dabara har wa yau.

Kowace shekara, sa'anda taurarin nan da mu ke kira Kaza da 'Ya'yanta suka fara fitowa da faɗuwar rana, wajen watan Nuwamba, sai a shiga bikin Makahiki na wajen wata 4. Bikin Lono ne, wanda su ke ɗauka shi ne mai ba da ruwan sama da amfanin gona. A lokacin ba yaƙi. Ana karɓar haraji, ana kokawa da dambe, ana kewaya tsibirin da alamar Lono, watau doguwar sanda mai gicciye a sama, da farin ƙyalle yana lilo.

Kyaftin Kuk

Ran 17 ga Janairu 1779, cikin kwanakin bikin nan, jiragen ruwa biyu na Ingila suka shigo lungun, Resolution da Discovery. Shugabansu Kyaftin James Kuk ne, wanda ya riga ya kewaya duniya sau biyu. Kwalekwale ɗaruruwa suka tarye su, mutane suka cika gaɓa, waɗansu suna iyo kewaye da jiragen. Aka kai Kuk Hikiau, aka yafa masa jan mayafi, aka kira shi Lono, mutane suna faɗuwa rubda ciki a gabansa. Jigon jirgi da fararen filafilansa kuwa sun yi kama da sandar Lono. Ko mutanen sun ɗauke shi abin bautarsu ne da gaske, ko kuwa girmamawar babban sarki suka yi masa, masana biyu, Gananath Obeyesekere da Marshall Sahlins, sun yi ta jayayya a kai cikin littattafansu na 1992 da 1995. Abin da ba gardama a kai shi ne, Kuk ya karɓi girman, bai hana ba.

Baƙin suka yi kwana 18 ana ciyad da su aladu da dankali. Wani tsohon matuƙi, William Watman, ya mutu, aka bizne shi a Hikiau, Kuk da kansa ya karanta addu'ar jana'iza. Suka kuma kwashe shingen itace na wurin tsafin domin makamashi. Ran 4 ga Fabrairu suka tashi. Da a ce tafiyar ta miƙe, da labarin ya ƙare nan da daɗi. Amma hadari ya karya jigon Resolution, ran 11 ga wata suka komo gyara. Biki ya wuce, rumbunan gari sun yi ƙasa, baƙon da aka yi wa rakiya kuma ga shi ya dawo. Sata da faɗa suka yi yawa. Da daren 13 ga wata aka sace ƙaramin jirgin Discovery.

Da safe, ran 14 ga Fabrairu, Kuk ya sauka Ka'awaloa da sojoji, da nufin ya tafi da tsohon sarki Kalani'opu'u cikin jirgi, ya riƙe shi jingina sai an komo da abin da aka sace. Sarkin ya taso yana binsa, amma a bakin ruwa matarsa da fadawa suka hana shi. Taro ya yi yawa. Sai labari ya zo cewa Turawa sun harbe wani basarake a ɗaya gefen lungun. Kuk ya yi harbi ya kashe mutum, aka auka masa da kulki da wuƙa, ya faɗi cikin ruwa. Sojojinsa 4 suka mutu tare da shi, mutanen gari kuwa wajen 17. Cikin kwanakin da suka biyo Turawa suka yi ta harbin gaɓa, suka ƙone gidaje, suka kashe waɗansu da yawa. A ganinmu, mutumin da ya tashi kama sarki a gaban jama'arsa saboda ɗan jirgi, fushi ne ya rufe masa ido, ko da ya ke gwanin teku ne da ba a yi kamarsa ba a zamaninsa. Gawarsa an yi mata yadda a ke yi wa ta sarakuna, aka raba nama da ƙashi. Abin da aka mayar wa Turawa suka bizne a cikin ruwan lungun. A 1874 aka kafa farar hasumiya mai ƙafa 27 kusa da inda ya faɗi.

Yaron da ya yi iyo zuwa jirgi

Bayan wannan yaƙe-yaƙe suka ci tsibirin, har Kamehameha ya rinjayi abokan hamayyarsa. A ɗaya daga cikin yaƙoƙin nan aka kashe iyayen wani yaro mai suna Opukaha'ia a gaban idonsa. Ya goyi ƙanensa ya gudu, aka soki jaririn da mashi a bayansa. Daga baya kawunsa, wanda ya ke malamin tsafi a Hikiau, ya ɗauke shi yana koya masa aikin. Amma zuciyar yaron ba ta zauna ba. Wajen 1807 wani jirgin fatake na Amurka ya tsaya a lungun, ya yi iyo ya hau, ya roƙa a tafi da shi.

A 1809 ya isa garin New Haven. Can wani ɗalibi, Edwin Dwight, ya same shi zaune a matakalar makarantar Yale yana kuka, domin ba mai koya masa karatu. Dwight ya koya masa. Ya ba da gaskiya, aka karɓe shi cikin ekklesiya a 1815. Ya shiga tsara wa harshensu rubutu da nahawu, ya fara juya Littafin Farawa zuwa harshen Hawai, burinsa ya koma gida da bishara. Bai koma ba. Zazzaɓi ya kashe shi a garin Cornwall ran 17 ga Fabrairu 1818, yana da shekara wajen 26. Ɗan littafin labarinsa da aka buga bayan mutuwarsa shi ya zuga masu bishara na fari, suka bar Boston a Oktoba 1819, suka sauka Kailua, mil 12 arewa da Kealakekua, a Afrilu 1820.

Suka tarar da abin da ba su zata ba. Kamehameha ya mutu a 1819, ɗansa Liholiho kuwa, da zugar sarauniya Ka'ahumanu da uwarsa Keopuolani, ya zauna ya ci abinci tare da mata a gaban jama'a. Kapu ya rushe ke nan, aka ƙone gumaka, tun mai bishara ko ɗaya bai taka ƙasar ba. Cikin masu bi na fari akwai Kapi'olani, basarakiyar Ka'awaloa. A Disamba 1824 ta yi doguwar tafiya a ƙasa zuwa dutsen wuta na Kilauea, ta gangara bakin ramin, ta ci 'ya'yan itacen da aka keɓe wa Pele, wadda mutane su ke tsoro a kan ita ce uwar wutar, ta komo lafiya. A 1839 aka gama Littafi Mai Tsarki duka da harshen Hawai. A 1993 dangin Opukaha'ia suka ɗauko ƙasusuwansa daga Amurka, suka bizne su a harabar majami'ar Kahikolu da ke bisa tudun Napo'opo'o, inda a ke hangen ruwan da ya yi iyo a ciki.

Ba za mu ɓoye sauran labarin ba. Jiragen baƙi sun kawo cututtukan da jikin mutanen bai sani ba, ƙyanda da agana da ciwon sanyi. Yawancin masana suna ƙiyasta mutanen Hawai sun kai 300,000 ko fiye sa'anda Kuk ya zo. A ƙidayar 1853 saura wajen 71,000. A 1893 aka tuɓe sarauniyarsu ta ƙarshe, Lili'uokalani, cikin waɗanda suka shirya tuɓewar kuwa akwai 'ya'ya da jikokin masu bisharan nan. Amurka ta haɗiye tsibiran a 1898. Ka'awaloa ya watse ya zama kufai.

Sabuwar keɓewa

Sa'anda kapu ya faɗi, mace ta sami 'yancin cin abin da ta ga dama, talaka ya huta da tsoron hadaya. Amma sannu a hankali dokar da ta ke kāre kifi ita ma ta bi sahu, gama ba sauran mai tsawatawa. Sai a 1969 gwamnatin Hawai ta keɓe eka 315 na ruwan Kealakekua. A sashen arewa, inda murjani ya fi yawa, an hana kamun kifi sam, an hana ɗaukar murjani ko dutse ko rairayi. A sauran wurin an yarda da ƙugiya da birgi da kamun opelu, bisa ƙa'ida. Kifaye suka yi yawa, ba su kuma gudun mutum.

Wannan kyau ne ya jawo sabuwar wahala. Masu yawon buɗe ido suka riƙa zuwa da jirage da ƙananan kwalekwale, suna jan su a kan murjani, suna tattaka shi, har a Janairu 2013 gwamnati ta dakatar da shigar kwalekwalen, daga baya ta ce sai da takardar izini. A 2015 kuma ruwan teku ya yi ɗumi fiye da kima wata da watanni. In zafi ya yi yawa, dabbar murjani ta kan kori baƙin nan masu ciyad da ita, ta yi fari fat, in ruwa bai huce da wuri ba yunwa ta kashe ta. A shekarar nan gaɓar yammacin tsibirin ta yi hasarar wajen rabin murjaninta mai rai. Ba dokar lungu da za ta hana wannan, gama hayaƙin gawayi da man fetur na duniya duka ne ya ke ɗumama teku. Abin da ke hannunsu sun yi: tun Janairu 2021 an hana sayar da man shafawa na kāre fata daga rana in yana ɗauke da waɗansu magunguna biyu masu cutar murjani.

Dolfin ma bai tsira ba. Mutane suna biyan kuɗi a kai su su yi iyo tare da shi, suna ganin yana tsalle suna cewa wasa ya ke yi, alhali kuwa tashinsa aka yi daga barci. Masu bincike da suka bi garkunan a gaɓar Kona sun tarar cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na yininsu akwai mutum ko jirgi kusa da su. Dabbar da ba ta yi barci da rana ba, ina ƙarfin farauta da dare, ina ƙarfin shayar da ɗa? Ran 28 ga Oktoba 2021 gwamnatin Amurka ta kafa doka: kada mutum ko jirgi ya matsa kusa da irin wannan dolfin fiye da yadi 50 a ruwan Hawai. In kuwa dolfin ne da kansa ya nufo mai iyo, dokar ta ce mai iyo kada ya bi shi, kada ya miƙa hannu, sai ya ja da baya nan da nan.